Awa 76 a Dagauda

A shekarar 2024 kundin bajinta na Guinness ya tabbatar wa wani matashi ɗan Ijebu Ode ta Jihar Ogun, Oside Oluwole, cewa ya kafa tarihi. Ya haɗa wayarsa da talabijin, ya zauna awa 75 yana buga wasan ƙwallo mai suna Dream League Soccer, ya buga wasa sama da 500. Kafin shi wani ɗan Ingila ne, David Whitefoot, yake riƙe da kambun da awa 50. Oside ya ce ya yi wannan zama ne don ya tara wa wani asibitin garinsu kuɗi. Labarin ya zaga wayoyi, ya lafa, ya sake tasowa, har ya faɗa hannun wasu samari a Dagauda, cikin Ƙaramar Hukumar Dambam ta Jihar Bauchi. Ɗaya daga cikinsu ɗan yayata ne, shi ya kira ni da daddare yana magana da sauri.

"Kawu, mu awa 76 za mu yi. Za mu tara kuɗin kai marasa lafiya asibiti. So muke ka zo ka gani, ka rubuta, ko Allah zai sa manya su ji."

Dama Yaya tana bina bashin ziyara, ga shi kaka ta yi, hanya ta bushe. Na ce masa ina tafe.

Motarmu ta bar Kano ta Mariri da hantsi, Sharon ce an cika ta har but. Muka haye gadar Wudil, muka wuce Shuwarin da Kiyawa. Dama da hagu an yanke gero an kafa buka-buka, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, yara suna ɗaga ƙullin gyaɗa da rake duk inda mota ta rage gudu. Wannan hanya ta Kano zuwa Maiduguri, inda aka gama tagwaita ta, miƙaƙƙiya ce ƙwarai, har direba kan yi ta taunar goro don kada gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ina gidan gaba, sai hira ta kawo mu kan abin da zai kai ni Dagauda, na ba shi labarin wani wasan kwamfuta da ake kira Desert Bus.

Wasan ba komai a cikinsa sai tuƙi. Za ka ɗauki bas daga Tucson zuwa Las Vegas a Amurka, tafiyar mil 360, kusan nisan Kano zuwa Maiduguri, kuma bas ɗin ba ta wuce gudun mil 45 a awa. Awa 8 cur za ka yi riƙe da sitiyari, ba a tsayar da wasan, motar kuma kullum tana ja zuwa dama, ka saki hannu ta faɗa rairayi a jawo ka zuwa farko. In ka isa, maki ɗaya tak za a ba ka. Wasu 'yan wasan barkwanci biyu, Penn da Teller, suka sa aka ƙirƙire shi a tsakiyar shekarun 1990. A 2007 wasu matasa a birnin Victoria na Kanada suka ce za su yi ta tuƙa wannan bas a gaban kyamara muddin mutane suna turo gudummawa, kowace awa da aka ƙara kuma ta fi ta baya tsada. Shekarar farko suka tara dala 22,805 don wata gidauniya mai suna Child's Play, mai kai wa yara kayan wasa a asibitoci. Suna yi duk shekara tun daga nan, abin da suka tara ya haura dala miliyan 10.

Direba ya jinjina kai ya ce, "Fasinja nawa yake ɗauka?" Na ce babu ko ɗaya. Ya ce, "Ikon Allah. Mu da muke yi da gaske ba mai kallonmu." Wata Hajiya da ke bayanmu, wadda na zaci barci take yi, ta gyara mayafi ta ce, "Malam, ni tambayata ɗaya ce. Kuɗin nan, yaran sun gan su a ƙasa, ko a bakin masu wasan suka tsaya?" Na ce mata an san gidauniyar, ana kuma bayyana lissafi. Ta ce, "To in haka ne Allah ya ba su lada." Tambayar Hajiyar nan ita na riƙe har Dagauda.

Muka haye kogin Jama'are, ruwa ya ja baya ya bar yashi, masu lambu sun fara gyaran fadama. Azahar ta same mu a Azare. Garin ya zama hedikwatar masarautar Katagum tun 1916, lokacin da aka taso daga tsohon garin Katagum da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, yanzu kuma shi ne cibiyar duk wannan yanki: kasuwa, Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, babban asibitin tarayya, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. Da gangan na sa mai acaɓa ya bi da ni ta wajen asibitin kafin ya kai ni inda ake hawa motar Potiskum. Masu jinya na zaune a inuwa da tabarmi da flas da buta, wasu daga ganin ƙurar ƙafarsu ka san daga nesa suka taso. Duk wanda ka gani a nan, sai da wani ya nemo mota, wani ya biya mai, kafin likita ya ɗora masa hannu.

Daga Azare zuwa Dambam ba nisa, daga Dambam kuma sai Dagauda, gab da shiga Jihar Yobe. Gari ne na bakin titi, na manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, kana jin Hausa da Fulatanci da Karai-Karai a rumfa guda. Manyan motocin shanu daga kasuwar Potiskum suna ratsa shi suna girgiza ƙasa. Yaya ta tare ni da fura mai sanyi da faɗan rashin zumunci, muka gaisa, aka tambayi na gida ɗaya bayan ɗaya. Ɗan nata kuwa ya kasa zaune ya kasa tsaye, jira yake a idar da Isha'i ya ja ni gidan gem.

Shago ne na langa-langa a bayan masu shayi. Takalma sun taru a bakin ƙofa, ciki benci uku, talabijin biyu a kan teburi, kowace da na'urar PlayStation a ƙarƙashinta an ɗora ta a kan bulo don ta sha iska. Ɗaya daga hannuwan wasan an naɗe shi da salatif baƙi, maɓallinsa ɗaya ya shige ciki, sai an danna da farce. A waje ƙaramin janareta yana ta kuka, an ɗaure murfin tankinsa da robar taya, warin fetur yana shigowa ta taga. Mai shagon yana zaune da littafin makaranta yana jan layi duk wasan da aka gama. Yaro ɗan shekara kamar 12 ya ɗauki Real Madrid yana lallasa wani mai gemu da ya ɗauki Arsenal, 'yan kallo suna ihu kamar a filin gaske. Da suka gan ni aka rage sauti, aka ba ni wuri, "Sannu da zuwa, Kawu," duk suka ɗauka, har waɗanda ban taɓa gani ba.

Na ce kafin a yi maganar awa, a gaya mini abin da ya tayar da zancen. Wani siriri mai gyaran waya ya karɓa. Da daminar da ta wuce, in ji shi, matar maƙwabcinsu naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare. Ungozoma ta ce a tafi babban asibiti. Aka tashi mai mota, ya ce ba shi da mai. Aka shiga buga ƙofofi ana haɗa kuɗi, wannan ya kawo ɗari biyar, wancan ya ce sai gari ya waye ya ga mai POS. Kafin a haɗa, a nemo mai bumburutu, a kama hanya, dare ya raba. Matar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. "Kawu, ni na riƙe fitila a daren nan," ya ce. "Abin da ya hana mu tashi da wuri bai kai kuɗin wayar da ke hannuna ba." Shagon ya yi tsit, sai kukan janareta.

Don haka ba zan yarda kowa ya ce yaran nan shiririta ce ta dame su ba. Sun ga rami a garinsu, sun duba hannunsu, abin da suka iya shi ne wannan wasa, suka ce bari su cike ramin da shi. Niyyar ta yi. Saura lissafi.

Muka karɓi littafin mai shago muka buɗe shafin baya. Awa 76 kwana uku ne da awa huɗu. Wuta ba abin dogaro ba ce, ke nan janareta zai yi ta aiki dare da rana, ga shi tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin fetur ya ninka fiye da sau uku. Ƙaramin janareta ba zai jure kwana uku ba hutu, sai an yi hayar na biyu. Guinness kuma ba ta karɓar "wallahi mun yi". Tana son bidiyo marar yankewa daga farko har ƙarshe, da shaidu waɗanda ba 'yan uwanka ba suna karɓar juna, da rajistar kowane hutu, wanda minti 5 ne bayan kowace awa, sai dai kana iya tara shi. Sai data ta watsa wasan kai tsaye kwana uku, in sabis ya yarda. Sai abincin shaidu da masu taimako. Sai ladan mai shago na kwanakin da zai rufe kasuwarsa. Mai gyaran waya yana tarawa, da ya ja layi a ƙasa ya ɗago kai bai ce komai ba. Abin da za a kashe kafin naira ɗaya ta shigo ya isa a kai mata da yawa Azare a dawo.

Ɗan yayata ya ce, "Amma Kawu, shi na Ijebu Ode ai ya yi." Na ce ya yi, kuma ya cancanci yabo. Sai dai takardar Guinness awa take ƙirgawa, ba ta ƙirga naira. Na kawo musu misalin Tunde Onakoya, wanda ya kafa Chess in Slums Africa don koya wa yaran unguwannin talakawa na Legas wasan dara na Turawa. A watan Afrilu 2024 ya zauna a dandalin Times Square na New York shi da Shawn Martinez suka yi awa 60 suna wasa, da burin tara dala miliyan 1 don karatun yara a Afirka. Duniya ta kalle shi, manyan mawaƙa sun je gaishe shi, jikinsa ya sha wuya har da amai da ciwon ciki. Duk da haka, a awa 20 na farko dala 22,000 aka ba da labarin an tara. Bayan 'yan watanni wasu 'yan Norway biyu suka yi awa 61, sai da ya koma a Afrilu 2025 ya yi awa 64. Wannan mutum ne da ke da suna, da ƙungiya, da tsakiyar New York. Kambu abin ƙwacewa ne, kuma tsawon zama shi kaɗai ba ya buɗe aljihun kowa.

Da safe mijin Yaya, tsohon malamin firamare da ya koma gona, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure aka kawo koko da ƙosai. Ashe duk yana sane da shirin, shiru kawai ya yi. Ya dubi ɗansa ya ce, "Kwana uku, salla 15 ke nan ta farilla. Da minti biyar-biyar ɗin za ka yi alwala ka yi salla, ko jam'in za ka bari? Ranar uku, da ba ka san hagunka da damanka ba, me za ka karanta?" Yaron ya sunkuyar da kai. Malam ya ci gaba da cewa shi bai haramta wasa ba, amma abu biyu yake tsoro. Na farko, al'adar gidan gem ta "wanda aka ci shi zai biya", wadda ƙiris ya rage ta zama caca, kuma ba a gina sadaka a kan caca. Na biyu riya. Ya ce malamai sun yarda a bayyana sadaka in hakan zai sa wasu su yi koyi, amma mutum ya binciki zuciyarsa, mara lafiyar yake so a gani ko fuskarsa.

Sai ya kawo abin da ya fi zauna mini a duk tafiyar. Ya ce da suna samari, in za a yi gayya a gonar wani dattijo ko gonar surukai, akan zo da makaɗi. Makaɗin nan ba ya riƙe fartanya, ko kunya ɗaya ba ya nomewa. Amma in ya saki gangar noma ya kama kirarin samari, sai ka ga gonar da za ta ci mako an tashe ta kafin la'asar. "Ku makaɗa ne," ya ce wa ɗansa. "Ba laifi ba ne, babban aiki ne. Amma makaɗin da ya kwana uku yana kiɗa a gonar da ba manoma, wa ya amfana? Ku fara nemo masu fartanya."

Duk wani wasan taimako da na san ya yi albarka a duniya, wannan magana ta Malam ce a ƙarƙashinsa. Mafi shahara shi ne Games Done Quick a Amurka. Ya faro a Janairu 2010, 'yan mutane kaɗan, intanet ɗin wurin taron ya ba su matsala suka koma ɗakin ƙasa na gidan mahaifiyar jagoransu, Mike Uyama, suka tara dala dubu 10 da 'yan kai don ƙungiyar CARE. Yau sau biyu suke babban taro a shekara, mako guda ba dare ba rana, kuma abin da suka tara ya wuce dala miliyan 50. Amma ba mutum ɗaya ke zama mako guda ba. Gwanaye ne ke karɓar juna, kowa ya zo ya nuna yadda ake gama wasa cikin ƙanƙanin lokaci, ya tashi ya je ya yi barci. Mai kallo yana ganin gwaninta, ana karanta saƙonsa a bainar jama'a, jimillar kuɗin tana hawa a kan allo yana gani, kuɗin kuma kai tsaye suke tafiya ga ƙungiyar da aka ambata.

Taronsu na tsakiyar shekara na ƙungiyar likitoci ta MSF ne, wadda mu nan ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ce ke jinyar yara masu tamowa a Kafin Madaki cikin Ƙaramar Hukumar Ganjuwa a nan Jihar Bauchi, tana aikin mata masu yoyon fitsari a Jahun ta Jigawa tun 2008, tana tallafa wa asibitin cutar nan mai cin fuska da ake kira noma a Sakkwato, ita ce kuma ta tsaya kan gubar dalma a Zamfara a 2010. A Faransa ma akwai Z Event, wanda a 2021 ya tara sama da yuro miliyan 10 cikin kwana uku don ƙungiyar yaƙi da yunwa ta Action contre la Faim, mai aiki a Yobe da Barno. Da na faɗi haka sai Yaya, da ke jin mu daga tsakar gida, ta leƙo ta ce, "Wato masu wasan nan har da su a cikin masu sayen madarar yaran?" Na ce da hannunsu a tukunyar da ake ɗiba. Ta ce, "To ni na daina cewa aikin banza ne."

Ni ma ban ce aikin banza ba ne. Amma waɗancan suna da dubban ɗaruruwan masu kallo da katin banki a hannu. Su wa za su kalli Dagauda? Yaran da ke cika benci ba su da abin bayarwa, su ma kuɗin wasa ɗaya sai sun haɗa. Baƙon da ke Legas ko Landan bai san garin ba, ba kuma zai tura kuɗi asusun wani saurayi da bai taɓa ji ba, don an sha cutar mutane da hoton mara lafiya a Facebook har zuciya ta bushe. Masu fartanyar Dagauda 'ya'yanta ne: ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari, ma'aikacin da ke Bauchi ko Abuja, direban tirela, mai canji, dillalin shanu a Potiskum, da matan garin da aure ya kai nesa. Duk suna cikin zaurukan WhatsApp na 'yan gari. Waɗannan ba awa 76 za ta motsa su ba. Abin da zai motsa su shi ne su ga unguwarsu ta fito, su ji sunan ƙaninsu, su kuma san hannun da kuɗin za su shiga.

Akwai kuma jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019. Wannan bai shafi zama ɗaya na taimako ba, amma ya kamata a yi tunanin ƙananan da za su tsaya suna kallo, su tashi da fahimtar cewa gwarzo shi ne wanda ya fi kowa daɗewa a gaban talabijin. Kwana uku ba barci kuma ba wasa ba ne, ga zafin langa-langa, ga hayaƙin janareta. Zai zama abin takaici a ce wanda aka fara kaiwa Azare da kuɗin gidauniya shi ne mai wasan.

Da yamma muka koma shagon, wannan karon har da Malam, abin da ya sa samarin suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Aka daɗe ana ja-in-ja, ba kowa ya sauko da sauƙi ba. Wanda ya fi kafewa shi ne gwaninsu, wani mai ɗinki da aka ce ba a taɓa cinsa sau biyu a jere ba, shi aka shirya zai yi zaman. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Garuruwa irin namu ba a jin sunansu a rediyo sai mota ta kife ko ruwa ya ci gari. Ni so nake rana ɗaya a ce Dagauda a kan abin kirki." Maganar ta taɓa ni ƙwarai, kuma ba na ganin riya ce. Ƙishin a san da kai ne, irin wanda ya sa Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja a 2015, ƙasa duka ta bi shi da ido. Saurayin da ke da wannan ƙishi ba a kashe masa gwiwa, sai dai a nuna masa inda zai zuba ƙarfin. Malam ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ranar da aka ce a Dagauda mace ba ta kwana tana naƙuda don rashin mota, 'yan rediyo da ƙafarsu za su zo."

Abin da aka tsayar a ƙarshe ya fi na farko ƙanƙanta, kuma a ganina ya fi shi ƙarfi. Wuni ɗaya za a yi, daga hantsi zuwa Isha'i, a cikin kwanakin Sallah lokacin da 'yan gari suka dawo gida aljihu da ɗan nauyi. Unguwa da unguwa za su kara, 'yan wasa suna karɓar juna, a fito da talabijin fili a ƙarƙashin rumfa. Da an kira salla a kashe komai. Babu kyautar kuɗi ga wanda ya ci, babu wanda aka ci ya biya. Mai son unguwarsa ya yi alkawarin abin da zai bayar kan kowace ƙwallo da ta ci, a rubuta sunansa, ko a rubuta "wani bawan Allah" in haka ya fi so. Gwanin nasu kuma zai zauna kujera ɗaya tun safe, duk mai jin kansa ya ajiye gudummawa ya gwada shi. Na ga fuskarsa ta saki da aka zo nan.

Inda aka fi daɗewa shi ne wa zai riƙe kuɗi, kuma na ji daɗin da aka daɗe. Samarin da kansu suka ce kada ya zama ɗayansu. Aka ce mutum uku, ba a fitar da ko sisi sai biyu sun sa hannu: wani dattijo daga masallaci, wani daga 'yan tasha, da mace ɗaya. Macen Yaya ce ta aiko da sharaɗinta ta bakin ɗanta, ta ce mata ne ke sanin wadda wata ya kama da wadda jini ya tsinke wa tun kafin maza su ji. Za a kafa allo a bakin shagon a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ɗauki hotonsa duk wata a tura zauren 'yan gari. Kafin komai kuma sai an je an gaida masu gari an nemi izini.

Ranar da zan koma, ɗan yayata da mai gyaran waya suka rako ni tasha, suka ce za su yi amfani da damar su tuntuɓi direbobi. Na gaya musu abin ba sabo ba ne, an yi irinsa a jihohin Jigawa da Yobe, inda aka haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW aka horar da masu sa kai don ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa. Wani dattijon direba da ke shan shayi a kan benci ya saurare su har suka gama, ya ajiye kofi.

"Yara, ku ji. Mu ba ma ƙin tashi da dare, matan nan 'ya'yanmu ne. Abin da ke kashe mu tanki ne. Kun tara kuɗi kun kai banki, ƙarfe biyun dare wa zai buɗe muku banki? Ku ajiye wani kaso wurin mai sayar da mai, a rubuta, ya san in an buga masa ƙofa da sunan gidauniya zai zuba ba tare da dogon zance ba. Sannan ku rubuta lambar direba uku a ba kowace ungozoma. In ɗaya yana Kano, ɗaya yana gida."

Mai gyaran waya ya zaro biro ya rubuta a bayan takardar lissafin nan tamu. Ɗan yayata ya ce, "Baba, za ka yarda a fara da lambarka?" Dattijon ya karanto masa ita, ya ƙwala wa wasu biyu kira daga cikin rumfa su ma su zo su bayar. Ɗan kamasho yana ta kiran Azare saura mutum ɗaya, na ba yaran abin da ya sawwaƙa na ce a buɗe allon da shi, na shiga mota.